Shayin Naja'atu Ba Sukari

Batulu mai kitso ta ci amana. Ba yunwa ce ta sa ta ba, ba tsoro ba, son zuciya ne tsagwaronsa. Kowace mace a Gazawa ta tashi da sanin ƙa'idar kitso: in mace ta ɗora kanta a cinyar mai kitso, abin da ido ya gani da abin da baki ya saki a kan tabarmar nan suke ƙarewa. Batulu ta san haka sarai, ta take saninta. Wadda ta ci amanarta kuwa Naja'atu ce, ɗiyar Malam Mahamane, budurwa mai ɗinki, wadda ba ta taɓa yi mata komai ba sai gaisuwa.

Abin ya faro ne da ƙamshi.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Naja'atu ta ja gyalenta ta rufe haɓa kamar yadda ta saba, tana ratsa layin masu kayan miya. Sai wani ƙamshi mai sanyi ya tare ta, kamar an buɗe sabuwar randa a tsakiyar zafi. Ta bi shi har gaban wani amalanken jaki. A kansa an jera damman na'ana'a cikin jiƙaƙƙen buhu, wani dogon saurayi yana yayyafa musu ruwa da tafin hannu, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

"Da ganye kake hira?" ta ce, kafin ta tuna ba ta san shi ba.

Ya ɗago kai. "Su kaɗai ke saurarona ba gardama."

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga dariyarta. "Mai dogon ganye nake so, mai tsini, ba mai yajin nan ba."

"A'a, hajiya ta san kaya." Ya zaro mata babban dami, ya kaɗe ruwan. "Sunana Faruku, garkata, wato lambuna, na bakin gulbi. Amma wane mai sa'a ne za a dafa wa shayi da wannan duka?"

Ta biya shi. Ta karɓa ta juya. Yatsunta kuwa har la'asar suna ƙamshi, duk tsummar da ta taɓa a kan keken ɗinki sai ta ɗauki ƙamshin. Sau biyu tana ɗinke hannun riga a baibai.

Babu wani mai sa'a. Shayin nata ne.

Tun tana lakol, makarantar boko, al'adarta ba ta zuwa kan ƙa'ida, sai ta ɓace wata da watanni. Daga baya ƙuraje suka feso mata a fuska, gashi ya fara tsiro mata a haɓa, baƙi mai kauri. Mahaifiyarta, Inna Fati, ta kai ta Maradi aka yi mata hoton ciki. Sajfam ɗin, wato ungozomar asibiti, da ta duba takardar ta zaunar da su ta ce ciwo ne na sinadaran jiki, likitoci na ce masa SOPK, ƙwan mace ne ba ya nuna kan lokaci, kuma mata da yawa na da shi. Ta rubuta magani, ta ce a rage sukari, a riƙa tafiyar ƙafa.

"Na'ana'a fa?" Naja'atu ta tambaya. "Na ji ana cewa tana taimakawa."

"Ki sha safe da yamma, ba sukari. Wasu sun ce tana rage musu gashin. Amma kada ki ajiye maganinki saboda ita, ganye ba ya maye gurbin likita."

Gaskiyar maganar ke nan, kuma duk mai sayar da ganye da ya ce miki ya fi haka, maƙaryaci ne.

Kasuwa ta bi kasuwa. Faruku ya fara ware mata daminta tun daga garka, ya ɗaure da kaba, ya ɓoye a ƙarƙashin buhu. Ta karɓi lambar salularsa wai don ranar da ba za ta iya fitowa ba. Ranar ba ta taɓa zuwa ba, amma saƙonni sun zo. Yakan turo mata hoton garkar da asuba: ruwa na bin ƙananan kwari, raɓa a kan ganye, farin balbela a kan shinge. Takan ajiye almakashi ta ƙura wa hoton ido har sai ta ji sanyin laka a tafin ƙafarta. A zuciyarta ta riga ta san garkar lungu-lungu, ta san inda rijiya take, ta dasa wa kanta lemun tsami a gefe, ta ajiye kujera 'yar tsugunno a inuwarsa.

Wata safiya saƙo ya shigo daban da na kullum.

"Ɗanyen ganye, barka da asuba. Yau ina tsinkar naki sai hannuna ya ƙi. Na ce ni ke ban ruwa, ni ke cire ciyawa, wani ƙato yana can kan tabarma yana kurɓa daga hannunki. In akwai shi ki faɗa mini, in daina yi wa ganye ƙorafi."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta taɓa haɓarta. Ta daɗe kafin ta rubuta:

"Malam mai garka, ka zo ƙofar gidanmu bayan la'asar, ka ga ƙaton da idonka."

Ya zo cikin farar riga mai karin guga. Ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta fito da ɗan gwangwanin garwashi da buta. Ta tsiyaya masa a kofi. Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse kamar busasshen tumatir.

"Subhanallahi! An manta sukari."

"Ba a manta ba."

"Wa ya yi miki laifi a duniya, Naja?"

"Shi ne ƙaton," ta ce. "Ni ke sha."

Daga nan ta faɗa masa komai, idonta a kan garwashi. Ta faɗa masa maganar al'ada, da ta Maradi, da cewa haihuwa na iya zuwa da wuri, na iya jinkiri, na iya buƙatar magani. Da ta gama, ta sa hannu ta sauke gyalen daga haɓarta. Ba ta tsige gashin ba ranar, da gangan.

Faruku ya dube ta, bai kawar da kai ba, bai kuma zuba mata ido irin na 'yan kallo ba.

"To," ya ce. "Ni ina tsammanin wani soja ne ko ɗan duwan, na kwastan, mai moto. Ashe kishiyata ba ta wuce silin gashi ba."

"Faruku, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Na shuka kadada guda ta ƙi, na shuka ɗan lungu ya cika amalanke. Ban taɓa ganin manomin da aka ba takardar tabbaci kafin ya shuka ba. Ke nake so. Ƙaro mini wannan azabar."

Ya shanye kofi na biyu yana hawaye, yana rantsuwa hayaƙi ne.

Tun daga ranar ya daina sa sukari. Abokansa na fada, majalisarsu ta shan shayi, suka sa shi gaba, suna ce masa mai ciwon suga, suna ce masa wanda aka shanye. Ya ce ai gaskiya ne, an shanye shi, kuma ba ya neman magani. Ya turo mata:

"Ɗanyen ganye, yau a fada an kore ni daga layin shayi. Sun ce bakina ya lalace. Na ce zaƙin yana wani wuri."

Naja'atu ta kifa salular a ƙirjinta, ta rufe ido. Keken ɗinki ya yi shiru har Inna Fati ta leƙo ta ga ko lafiya.

Gab da ƙaramar salla ta tafi kitso. Gidan Batulu cike yake kamar kullum a irin wannan lokaci, amma ta yi sammako ta samu tabarma babu kowa. Kitso ba ya yiwuwa da gyale. Ta cire, ta kwantar da kai a cinyar Batulu. Yatsun matar suka bi gefen kunne, suka gangaro, suka tsaya a haɓa.

"Wayyo ɗiyata, mene ne wannan? Faɗa mini, ni uwa ce. Abin da kunnen nan ya ji ya fi gashin da hannun nan ya kitsa, kin taɓa jin ya fita?"

Hannu mai laushi a ka yana sakin harshe. Naja'atu ta faɗa mata. Har maganar Faruku ta faɗa, don mai farin ciki ba ya iya riƙe shi shi kaɗai.

"Faruku ɗan Gimbiya?" Yatsun suka ɗan tsaya, sannan suka ci gaba, da ɗan ƙarfi. "Hmm. Gimbiya ai nan take kitso. Ita ma da kike ganinta da taƙama..."

Sai Batulu ta kwance bakin jaka ta zazzage wani sirrin gidan Gimbiya, abin da matar ta faɗa mata tana kuka a kan wannan cinyar. Abin da ta faɗa ba zai shiga labarin nan ba. Wanda ya maimaita gulma ya zama abokin aikin magulmaci.

Naja'atu tana kwance ana ja mata gashi, ta gane inda ta zuba maganarta. Abin da ba ta sani ba shi ne Batulu na da ɗiya, Rukaiya, kuma ta daɗe tana auna garkar Faruku da ido.

Ba a gama cin tuwon salla ba magana ta zaga gari. A bakin famfo mata suka riƙa kallon haɓarta maimakon fuskarta. Wata ta aiko a karɓo mata atamfarta ba a ɗinka ba. Sai saƙon Faruku:

"Naja, an kai wa Inna magana. An ce mata ke juya ce, wai kina da gemu kamar namiji, wai ganyen da kike saye na ɓoye ciwo ne har a ɗaura aure. Ta ce kada kawuna su kai goro. Ni kaɗai gare ta, kin sani. Ba zan ɗaga mata murya ba, amma wallahi ba zan kai goro wani gida ba. Ki yi haƙuri da ni."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. A ƙarshe ta tura:

"Ka bi mahaifiyarka. Kada ka ƙara zuwa zaure sai da yardarta. Allah Ya zaɓa mana."

Ta daina zuwa kasuwa. An ce Rukaiya ta zama mai son na'ana'a, tana tsayawa gaban amalanke tana gyara ɗaurin kallabi. Faruku bai zo zaure ba, bai kuma turo saƙo ba, kamar yadda ta nema. Amma kowace ranar kasuwa, in Inna Fati ta fita shara, sai ta tarar da dami rataye a ƙusar ƙofa, ɗaure da kaba, raɓa ba ta bushe ba. Naja'atu takan dafa ta sha, ta haɗiye maganinta, ta koma kan keke. Garkar da ta gina a zuciyarta tana nan, sai dai yanzu daga bayan shinge take hangenta.

Wata rana da hantsi aka yi sallama a tsakar gida. Wata dattijuwa ce doguwa, da atamfa a hammata. Dogon wuyan nan da idon nan, ba sai an gaya wa Naja'atu ko wace ce ba. Inna Fati ta amsa gaisuwa, ta kawo ruwa, ta tuna da wani aiki a bayan gida.

"An ce kin iya ɗinki," Gimbiya ta ce. Mutuniyar Gidan Rumji ce, aure ya kawo ta Gazawa, harshenta bai bar gida ba. "Auna ni."

Naja'atu ta ɗauko ma'auni. Tana auna kafaɗa, dattijuwar na leƙen ƙasan gyale. Tana auna hannu, dattijuwar na karkata kai. Sai Naja'atu ta ajiye ma'aunin, ta durƙusa, ta sauke gyalen gaba ɗaya.

"Ga shi, Inna. Kada wuyanki ya yi ciwo."

Gimbiya ta ɗan ja baya. Ta duba da kyau. "Wannan ne gemun? Na kakata ya hi shi." Ta zauna a kan tabarma, fuskarta ba ta saki ba. "Sauran maganar fa? Mi ne ne gaskiya?"

"Ciwon gaskiya ne, Inna, ina shan magani. Ganyen ba ɓoyo ba ne, sajfam ta san da shi, ɗanki ma ya sani tun kafin kowa. Juya kuwa ba wanda ya ce ni juya ce. An ce mata da yawa masu irinsa suna haihuwa, wasu da jinkiri. In kina so mu tafi Maradi tare ki ji da kunnenki. Amma ba zan yi miki alƙawarin jika ba, ba a hannuna yake ba."

"Ke kuma mi ya kai ki hwaɗa wa duniya?"

"Ba duniya na faɗa wa ba, a cinyar kitso na faɗa. Wautata ce. Sai da ta fara kawo mini maganar wasu na gane..."

Ta datse bakinta, amma ta makara.

"Wasu wa?" Gimbiya ta miƙe zaune. "Har da ni?"

Naja'atu ta dubi ƙasa.

"Yarinya, dube ni. Mi ta ce a kaina?" Muryar ta yi ƙasa. "Hwaɗa mini. Ki hwaɗa mini yanzu, gobe goro ya kwana a gidan nan. Na rantse."

Butar shayi na tafasa a kan garwashi, ƙamshin ya cika rumfar. Naja'atu ta ga garkar a fili, ƙofar shinge a buɗe, Faruku na tsaye bakin rijiya. 'Yan kalmomi kaɗan ne tsakaninta da wurin.

"Ki gafarce ni, Inna. Ba zan iya ba. A cinya aka faɗa, can na bar shi. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba, ko Faruku. In na maimaita, ko a gabanki ne, na zama ita."

"Ko da za ki rasa shi?"

Hawaye suka zubo mata. "Ko da zan rasa shi."

Kaji suka zo suka wuce. Can Gimbiya ta nuna butar da haɓa.

"Zuba mini abin nan da ya lalata mini bakin ɗa."

Ta kurɓa, ta runtse ido. "La'ilaha illallahu. Wannan yaron yana sonki." Ta ajiye kofin, ta kai hannu ta zare ɗankwalinta. Kitson salla ne a kanta, shuku mai kyau, aikin Batulu.

"Kin iya tsifa?"

"Na iya, Inna."

"To tsehe mini wannan. Ba na son hannunta a kaina."

Dattijuwar ta gyara zama, ta kwanta, ta ɗora kanta a cinyar Naja'atu. Da Inna Fati ta dawo daga bayan gida ta ga haka, sai ta tsaya riƙe da murfin tukunya, ta manta inda za ta.

Kafin azahar salula ta yi ƙara.

"Ɗanyen ganye! Inna ta shigo gida kanta a tsefe kamar an biyo ta, ta ce in kira kawuna. Me kika ba ta?"

"Shayi, malam mai garka. Ba sukari."

Sun je Maradi su uku, da Gimbiya da Inna Fati da Naja'atu. Gimbiya ta yi wa sajfam tambayoyi har layi ya fara gunaguni. A mota ta ce ita ma ba wanda ya ba uwar mijinta tabbaci ranar da aka kawo ta, kuma ba ta ga amaryar da ake kawowa da goyo ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Mahamane. An raba goro da dabino. Abokan ango suka dafa shayi manyan butoci, suka ware ƙarama guda ba sukari suka ce ta marasa lafiyar soyayya ce. Da aka kai amarya, Gimbiya ta riƙe hannunta ta ce, "Allah Ya ba ku zaman lahiya. Allah Ya ba ku zuri'a mai albarka a lokacin da Ya so, in Ya jinkirta Ya ba mu haƙuri mu duka. Allah Ya rufa miki asiri yadda kika rufa nawa." Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.

Da Naja'atu ta fita kwanakin amarci, Faruku ya ɗauke ta a amalanke da sassafe zuwa bakin gulbi. Ta cire takalmi a ƙofar shinge. Lakar ta fi yadda ta zata sanyi. Rijiyar ba ta inda ta ajiye ta a zuciya, tana can ɗaya gefen, kuma babu lemun tsami.

"A nan ya kamata ya kasance," ta ce, tana nuna wani fili.

"Me?"

"Lemuna. Da kujerata."

Faruku ya dube ta, ya dubi filin, ya ɗauko fartanya.

Allah Ya sa albarka a auren, Ya sa a yi koyi da mai riƙe harshe.

Batulu kuwa, Gimbiya ba ta zage ta ba, ba ta kai ƙararta ko'ina ba. Ta dai yini ranar kasuwa da kanta a tsefe ƙarƙashin ɗankwali, duk wadda ta tambaya sai ta ce cinyar da take kwanciya ta huje. Kowace mace ta tuna abin da ta taɓa faɗa a kan tabarmar nan. Kakar bana an yi aure a kowace unguwa, ba a kai wa Batulu kan amarya ko ɗaya ba. Ta kwashi matajinta ta koma Agye wurin 'yar'uwarta, ta tarar labari ya riga ta sauka daga mota. Yanzu tana zaune a ƙofar gida da tabarma a shimfiɗe, ba mai ɗora mata kai.